Shekarar da Na Zargi Ladi

Abba, Ummi, Nura, na san abin da kuka taso kuna ji game da zaman Inna a gidanmu na Masaka. A wajen danginmu na Funtuwa, labarin shi ne boko ya ɗebe ni, na kwashi asirin uwata na baza a kasuwa. A wajenku kuma, Kawu Hamisu ne ya zo da ƙarfin tuwo ya ɗauke kakarku ina kuka. Kowanne akwai ƙanshin gaskiya a ciki, amma babu wanda ya cika. Tun da na ajiye aiki nake juya shekarar nan a raina, na ga gara ku ji ta daga bakina tun ina da hankalin faɗa, har da wuraren da ba su yi mini kyau ba.

Inna ta zo Abuja ne ganin likita saboda hawan jini, da niyyar mako biyu. Mace ce da ta shekara arba'in tana matsar man gyaɗa tana toya ƙuli-ƙuli, da shi ta riƙe mu ni da Yaya Hamisu, ba ta san zaman banza ba. A makon farko na lura tana maimaita sallar azahar, ta idar ta naɗe darduma, can an jima ta sake tashi alwala. Na ce gajiyar hanya ce. A mako na biyu ta tambaye ni ko an kai wa Malam abincinsa, alhali mahaifinmu ya shekara tara a ƙasa. Likita ya yi gwaje-gwajensa, ya sa nas ta fita da ita, ya ce mini gigin tsufa ne irin wanda ba ya komawa baya, sai dai a lallaɓa. Na fito na same ta a benci tana gyara wa wata baƙuwa goyo, tana yi mata faɗan yadda ta ɗaure yaro. Na ce a raina likitan nan bai san Inna ba. Mako biyun nan sai da ya zarce shekara.

Abin da ciwon ya fara shigowa da shi gidanmu shi ne zargi. Inna ta shiga cewa ana yi mata sata. Yau ɗan kunne, gobe carbi, jibi zane. Talatu, bazawarar da ke zama da ita idan na tafi aiki, ita ta fara kamawa, ni kuwa na yarda, don ban taɓa jin ƙarya a bakin uwata ba. Na sallami Talatu da baƙar magana. Bayan kwana goma na tsinci ɗan kunnen a gwangwanin sukari, carbin kuma a cikin matashin kai tare da ƙashin kaza. Ban je na ba Talatu haƙuri ba. Sai dai na riƙa sauya hanya idan zan wuce layinsu.

Babanku yana aiki a Sheda, sai yammacin Juma'a yake zuwa, ya koma Litinin. Ni kuma ina fita da an sallame asuba don na riga cunkoson Mararaba, amma sau da yawa rana tana fitowa ta same ni ban wuce Nyanya ba. Matar da na samu bayan Talatu zuwa azahar kawai take zama. Daga nan har na dawo bayan magariba, gida da Inna suna hannun Ummi, tana shekara goma sha uku. Abba yana ajin ƙarshe, daga makaranta sai lesin, kuma ko yana nan Inna ba ta yarda namiji ya kusance ta idan ta ɓata jikinta. Nura yana shekara biyar, in Inna ta fara faɗa sai ya shige ƙarƙashin tebur. Duk wannan ban gaya wa kowa ba. Na gargaɗe ku kada wanda ya faɗa a makaranta ko a islamiyya. Tsorona kada a ce mahaukaciya, kada wata rana a zo neman auren Ummi wani ya raɗa cewa gidansu akwai taɓin hankali. A ofis kuma makara ta yi mini yawa, oga ya fara duban agogo idan na shigo, ga ƙarin girma yana tafe, mu uku muke hangen kujera ɗaya. Kowa na gani yana kallona, sai na ɗauka ƙirga mini laifi yake yi.

A ɗakin fayil na ofishinmu akwai wata akawu, Ladi, Bagwariya daga wani ƙauye kusa da Sheda, Kirista, ta girme ni da 'yan shekaru. Ba ta da surutu, kuma duk takardar da za ta shiga wajen oga ta hannunta take bi. Wannan kaɗai ya isa na yi kaffa-kaffa da ita. Wata Laraba na shiga neman fayil, ba kowa sai ita, ta tura ƙofa ta rufe. Hausarta irin ta Abuja ce, mace da namiji duk “kai” ne a wajenta.

“Hajiya, wane ne ba lafiya a gida? Mama ko Baba?”

“Wa ya ce miki wani ba shi da lafiya?”

“Ba kowa. Na ga famfas na manya a jaka naka. Hannu naka kuma ya tsage da wanki. Ni ma baba na yana gida shekara uku, rabin jiki ya mutu, ga yara huɗu. Muna da wani zama a Apo ranar Asabar, mu masu irin wannan kaya. Ba a biya komai. In ka so, ka zo.”

Na ce mata na gode, amma gidana lafiya ƙalau. Na fito. Tun daga ofis har Masaka nake lissafin abin da take nema. Na ce ko oga ne ya sa ta bugi cikina, a samu hujjar cewa ba zan iya riƙe babbar kujera ba. Na ce ko taron coci ne aka sauya wa suna. Na ce ko irin mutanen nan ne masu tara mabuƙata su ɗauke su hoto su nemi tallafi da fuskokinsu. Kuma ba haka kawai na zama mai tsarguwa ba. Watanni kafin nan na taɓa laluben masu irin halina a waya, aka saka ni a wani guruf mai suna mai daɗi. Kwana biyu ana yi mini sannu, ana ce mini 'yar'uwa. A rana ta uku wanda ya kafa shi ya kira ni, ya ce sammu aka yi wa Inna, yana da maganin da zai warkar da ita a kwana bakwai. Ashe duk masu yi mini sannun yaran shagonsa ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Abin da ya kai ni Apo mari ne. Wata Alhamis oga ya yi tafiya, na samu na sulale da wuri, na iso gida wajen la'asar. Tun daga bakin get nake jin bugun ƙofa. Na shiga na tarar da Ummi zaune a ƙasa, ta jingina da ƙofar ɗakin Inna, makulli a hannunta, littafi a cinyarta, Inna tana ciki tana dukan ƙofar tana kiran sunan mahaifinmu. Ban tambayi komai ba, na ɗauke ta da mari. Ummi, ba ki yi kuka ba, shi ya fi damuna har yau. Kika dafe kunci kika dube ni.

“Mama, sau uku tana fita titi yau. Na ukun a bakin kasuwa na kamo ta, mai acaba ya kusa buge ta. Gobe muna da jarrabawar lissafi.”

Na buɗe ƙofar, Inna ta fito ta wuce ni kamar ba ta san ni ba. Sai a lokacin na ga rigar makarantar Ummi ta yi mata yawa, ta rame, ƙasan idonta ya yi baƙi. Washegari na je ɗakin fayil na tambayi Ladi kwatance, ina magana kamar mai tambaya don wani.

Wurin yana can cikin unguwar makanikai, sai an bi ta layin masu sayar da kayan gyaran mota, ƙasa baƙa ƙirin da baƙin mai. Shagon abincin wata Bayarabiya ne, Maman Bose, bayan ta gama cinikin rana ta kife tukwane. Abin da ya sa na yarda na je shi ne nisansa da Masaka, ba wanda zai gane ni. Na zauna a bencin bakin ƙofa, jaka a ƙirji. Mutum tara na tarar, maza uku. Ina shiga na fara binciken wurin da ido: ina mai ɗaukar hoto, ina rajistar da za a ce na sa hannu, ina littafin addu'a, ina kwanon karo-karo. Ban ga ko ɗaya ba, sai ledar ruwa a kan tebur, shi ma ban sha ba. Da aka zo kaina na ce maƙwabciyata ce take da tsohuwa, na zo in ji mata. Ladi tana zaune tana jina, ba ta ɗaga kai ba. Maman Bose ta ce doka ɗaya ce a wurin, abin da kunne ya ji a nan, a nan zai kwana. Ana magana da Hausa, da Turanci, da buroka, kowa da wanda ya zo bakinsa. Sai wani Malam Garba, mai faci, mutumin ƙasar Sakkwato, ya gyara zama. Ya ɗauko mahaifinsa makaho daga ƙauye don ba wanda ya rage a can, ga mata da 'ya'ya biyar a ɗaki biyu.

“Jiya ina mai wanka yat tofa min yawu, yac ce wane ne ni. Wallahi sai da na ji a raina, ina ma Allah ya ɗauki ransa kowa ya huta. Na yi istigfari har na gaji, abin bai fita ba.”

Na jira wani ya ce subhanallahi, ko a yi masa wa'azi. Ba wanda ya yi. Maman Bose ta miƙa masa ruwa, ta ce ita ba ta san sau nawa ta ji haka a kan surukarta ba, kuma gobe da safe ita za ta dama mata koko. Ni kuwa abin da Malam Garba ya faɗa na daɗe ina jin sa a raina, ko a sujada ban iya furta shi ba. Amma kun san abin da na ce a mota? Na ce shiri ne, sun haɗa baki ne don su kwance mini harshe.

Duk da haka na koma. A zama na uku na ce musu babu wata maƙwabciya, uwata ce, na ba su labarin marin. A cikinsu akwai wata tsohuwar nas da ta yi ritaya, ba ta iya lallashi ba. Ta ce mini kai tsaye yarinya 'yar sha uku ba nas ba ce, in ban sauke mata kayan nan ba zan yi jinya biyu. Ita ta koya mini na daina musu da Inna. In ta tambayi Malam, kada na ce ya rasu ta sake sabon kuka, na ce ta ba ni labarinsa. Ta ce a mayar da sakatar get can sama, a ɗinke lambar wayata a gefen hijabinta, a ba Abba cefane da wankin zanin gado tunda yana da hannu. Ta tambaye ni sana'ar Inna, na faɗa mata, ta ce na sayo gyaɗa mai ɓawo na zube mata a faifai. Kun tuna yadda abin ya zama. Inna takan zauna tun hantsi tana ɓara, tana ware mai kyau da ruɓaɓɓiya, tana yi mana faɗan an cuce mu a kasuwa, ba ta ko kallon ƙofa. Ta hannunsu kuma na samu wata dattijuwa da ta saba jinya, take zama har na dawo. Ummi ta koma barci kamar sauran yara.

Suna da wata al'ada ta karɓar juna. Wannan ya zauna da tsohon wancan na 'yan awoyi, mai gida ya samu ya je aski, ko suna, ko ya kwanta kawai. Ni na zauna da surukar Maman Bose sau biyu. Ladi kuma ta riƙa zuwa Masaka duk Asabar ɗin da ba taro. Ranar farko Inna ta dube ta ta ce, “Hanne, sai yanzu?” Hanne ƙanwarta ce da ta rasu tun ina yarinya. Ladi ta amsa, ta durƙusa ta gaishe ta, shi ke nan ta zama Hanne. Wankan da muke kokawa da Inna a kansa, Ladi da ta ce “Mama, tashi mu je,” sai ta miƙe. Ita take yi mata kitso. An ce na fita na huta, amma sau nawa nake cewa na tafi kasuwa, na zagaya na tsaya bayan tagar kicin ina saurare, ina jiran na ji ta tana rera mata waƙar coci ko tana tambayarta sirrin gidanmu. Abin da na ji shi ne Inna tana koya mata yadda ake gane gyaɗa mai mai, da Ladi tana cewa, “Mama, an kira salla,” tana shimfiɗa mata darduma. Ko wannan bai wanke ta a wajena ba. Na ce mai wayo ba ya gaggawa.

Wata huɗu muna haka, sai ga wayar Yaya Hamisu ranar wata Lahadi. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

“Rakiya, gaskiya ne kina zuwa Apo duk Asabar kina ba wa baƙi labarin Inna? Gaskiya ne wata Ladi, wadda ba musulma ba, ita take yi mata wanka?”

Ya san rana, ya san wuri, ya san suna. Na tambaye shi wa ya gaya masa, ya ce ba wannan ya tambaye ni ba, yana nan tafe. Ina ajiye wayar na gama yanke hukunci. A ofishinmu akwai wani direba mutumin Funtuwa, yakan zauna a ɗakin fayil ya sha iskar fanka. Na ce Ladi ce ta ba shi labari, shi kuma ya kai gida. Har wani daɗi na ji, irin na wanda ya daɗe yana jiran ɓarawo ya kama shi. Ban tambayi babanku ba, ban tambayi kowa a cikinku ba. Litinin da safe na shiga ɗakin fayil, akwai mutum huɗu a ciki, ban damu ba.

“Ladi, ashe haka kike? Na shigar da ke gidana, kin ga tsiraicin uwata, kin kwasa kin kai gari.”

“Hajiya, me ya faru?”

“Kada ki raina mini hankali. Dama an ce irinku ba a ba ku amana.”

Ta ajiye fayil ɗin da ke hannunta a hankali, ta dube ni.

“Irinmu su wane, Hajiya?”

Na juya na fita. Na goge lambarta da ta Maman Bose. Da tsohuwar nas ta kira, na ƙi ɗauka. Dattijuwar da ke zama da Inna ma na sallame ta, tunda ta hannunsu ta zo.

Kawunku ya iso ranar Asabar. Ina so ku sani bai zo da faɗa ba. Ya shiga ya gaida Inna, ta tambaye shi ko shi ne mai kawo gyaɗa, ya fito falo idonsa ya yi ja. Babanku yana zaune. Yaya Hamisu ya ce bai ce ban yi ƙoƙari ba, kowa ya ga yadda na lalace ya san na yi. Amma uwarsa ba za ta zama abin hira a shagon abinci ba, kuma yana da mata da 'ya'ya mata manya a gida.

“Zaɓi biyu ne, Rakiya. Ko ki rabu da mutanen nan ki riƙe ta ke da iyalinki, ko na tafi da ita yau. Ba zan tilasta miki ba.”

Na dubi babanku, ya ce, “Mahaifiyarki ce, abin da kika ce shi za a yi.”

Akwai zaɓi na uku, na san da shi. Na iya cewa Inna tana nan, mutanen nan ma suna nan, wanda ya ga zai iya ya zo ya kwana bakwai da ita sannan ya yi magana. Yaya Hamisu zai yi fushi, amma ba zai ja ta da ƙarfi ba. Sai dai na riga na rushe wannan da bakina tun ranar Litinin, kuma girman kai ba zai bar ni na koma ba. Kwana biyar ɗin da muka yi babu su sun nuna mini inda za mu koma, Ummi ta sake zama a bakin ƙofa. Na ce ya tafi da ita. Ni na haɗa kayanta. Kun ga kukan da na yi a bakin get, na gaske ne. Abin da ba ku gani ba shi ne da motar ta sha kwana na ji wani sauƙi ya sauko mini tun daga wuya har ƙafa, kamar an sauke mini buhu. Kafin motar ta tashi Inna ta leƙo ta taga, ba ni ta nema ba.

“Ina Hanne? Ba za ta zo ba?”

Wata biyar ta yi a Funtuwa. Na je sau biyu. Matar Kawunku, Yaya Mairo, ta yi iyakar ƙoƙarinta, amma ba su san ciwon ba. In ta tambayi Malam sai su ce ya rasu, ta yi ta kuka. Da ta fara fita sai suka riƙa rufe ta a ɗakin baya. Na ce su ba ta gyaɗa ta ɓara, suka ce ya za a sa marar lafiya aiki, mutane su ce me. Ranar wata Talata ina cikin cunkoson Mararaba waya ta same ni, Inna ta rasu. Kafin na wuce Kaduna an kai ta.

A rana ta uku ta zaman makoki muna tsakar gida da Yaya Mairo muna tsince shinkafar sadaka, take ce mini Allah ya yi wa Ummi albarka, yarinya mai hankali.

“Ai ita ta ba ni labarin ƙawayen nan naki a waya. Tana ta murna, wai yanzu tana samun barci, wai Anti Ladi ta iya yi wa Inna wanka ba kokawa. Ni kuma na faɗa wa yayanki don ya ji daɗi, ban san zai ɗauke shi haka ba.”

Na ci gaba da tsintar shinkafar, amma ban ƙara ganin tsakuwa ko ɗaya ba.

Da na koma aiki na tarar mahaifin Ladi ma ya rasu, wata biyu da suka wuce. Muna bene ɗaya, kowa ya je mata gaisuwa, ni ban ma sani ba, don na hana a ambaci sunanta a gabana. Sai da na yi mako guda ina wuce ƙofar ɗakin fayil kafin na iya shiga. Na so na yi a gaban mutane tunda a gaban mutane na ci mutuncinta, na jira har ɗakin ya cika. Na ce na zalunce ta, na yi mata ƙazafi, ta yafe mini. Ba ta tashi ba, ba ta rungume ni ba. Ta ce ta ji rasuwar Mama, ta yi kuka a gidanta, ta so ta zo amma ba ta san ko za a bar ta ta shiga ba. Da mutane suka ragu ta tambaye ni ta ina maganar ta fita, na gaya mata.

“To kada ka gaya wa yarinya. Yaro da ya yi murna bai yi laifi ba. Na yafe, Hajiya. Amma kalma ɗin nan, irinku, har yanzu yana nan.” Ta nuna ƙirjinta.

Mun ci gaba da gaisawa har ta yi ritaya ta koma ƙauyensu. Na koma zaman Apo na wasu shekaru, don ko ba ni da tsohuwa a gida ina da abin da zan gaya wa masu zuwa, kuma sun karɓe ni ba tare da tone-tone ba. Amma Ladi ba ta sake taka gidana ba, ko da bikin Abba, sai dai ta aiko da doya. Ban ga laifinta ba.

Na riƙe maganarta, ban taɓa faɗa ba. Ina zaton na rufa miki asiri ne, Ummi. Sai bara, da na je wankan jegonki, kina shayar da jaririyar da kika sa wa sunan Inna, ba ki ko kalle ni ba kika ce, “Mama, kin san ni na sa aka tafi da ita?” Ashe tun ranar da Kawu ya kira kika gane, kika haɗiye, kina jira na tambaye ki, ni kuma ina can ina farautar ɓarawo a ofis. A ranar na ce miki ki bar wannan magana, na tashi na shiga kicin, don ban shirya ba. Yanzu ga amsar, a rubuce, gaban 'yan'uwanki. Kin samu barci bayan wata da watanni, kin yi murna, kin gaya wa matar kawunki. Iyakar abin da kika yi ke nan. Wadda ta kori masu taimako, ta ce a tafi da Inna, ta naɗe mata zannuwa ta sa a jaka, ni ce. Ba ke ba ce, 'yata. Ki sauke.